Teburin gefen kujera: in sayi na shago ko in ba kafinta?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kayan katako. Wata biyu ke nan da muka tare a Unguwar Dosa a nan Kaduna, kujerun falo sun iso, amma ko kofin ruwa aka kawo wa baƙo sai dai a dire masa a ƙasa. Ina son ƙananan tebura biyu na gefen kujera, irin waɗanda ake cewa sait-stul. Sannan ina da shagon lalle da kitso a Kawo, can ma ina son guda ɗaya mai kyau a inda masu jiran layi suke zama. Jiya na shiga shaguna uku. Duk wanda na kalla sai sheƙi yake, amma da na ɗaga ɗaya sai na ji shi sakayau kamar kwali, mai shagon kuma ya dage ɗan Turkiyya ne. To in sayi na shago ne ko in ba kafinta? In kafinta ne, wane katako zan ce masa? Yarana uku, autan yanzu yake koyon tsayuwa, duk abin da ya samu sai ya dafa.

Dan_Rigasa
Wa alaikumus salam. Hajiya ki ba kafinta kawai. Kasuwar Panteka ta masu sana'ar hannu na nan, me za ki nema a shagon gilashi?

Hajiya_Barnawa
Allah Ya sanya alheri a sabon gida, 'yata. Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona. Da za mu aurar da babbar 'yata, kayan ɗakin duka a shago ɗaya muka saya, har da ƙananan tebura huɗu farare masu bakin zinare. Ranar jere kowa sai yabawa yake. Damina ɗaya aka yi, na je duba ta bayan ta haihu, na tarar ƙafafun biyu sun kumbura daga ƙasa kamar burodin da ya sha shayi, fatar saman tana ɓarewa. Ruwan sama bai shiga ɗakin ba. Mofa ce kawai da ake goge tayil kullum da safe, ruwan yana taɓa gindin ƙafar. Sai da na sa farce na ɓanɓaro wurin, na ga ashe garin katako ne aka danne da gam. Ke da kike da yara, ruwa ba zai daina zuba a falonki ba. Ki nemi katako na gaske.

Kafinta_Panteka
Salamu alaikum. Shekarata 23 a wannan sana'a, bari in ɗan yi bayani, a yi mini afuwa in na tsawaita.

Abin da Hajiya Barnawa ta gani, ko dai MDF ne ko cifbod. Dukansu allo ne da ake yi a masana'anta da garin katako ko ɓarɓashinsa a haɗa da gam, a lulluɓe da fata mai kama da katako. Ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsawo, kaurinsa yawanci milimita 15 ko 18. Mu ma muna aiki da shi, ba na zaginsa. Yana da kyau a wadrob da kabad ɗin da ke jingine da bango. Amma abin da ake ja yau a nan, gobe a can, yara su hau, a goge ƙarƙashinsa da ruwa, ba aikinsa ba ne. Sukuru in ya kwance a jikinsa sau ɗaya, ramin ya rarake ke nan.

In katako za ki sa, ga yadda na san su. Madaci, wanda a kasuwa muke cewa mahogani, ja ne, yana karɓar fenti da kyau, shi na fi ba mutane shawara. Iroko ya fi shi jure ruwa da gara, amma ya fi tsada. Tik ma haka, akwai gandunsa a dajin Nimbia can kudancin jiharmu. Malaina fari ne, ba nauyi, ba laifi in ya bushe. Obece kuwa, farin nan mai taushi, shi ake yi wa mutane wayo da shi: a shafa masa kala ya koma ja, a ce mahogani ne. Bayan shekara sai ki ga gari yana zuba daga ƙananan ramuka, ƙwari sun shige shi. Ki danna farcenki a ƙasan teburin, in ya shiga da sauƙi to ki bar shi.

Amma wallahi sunan katako bai kai bushewarsa muhimmanci ba. Mafi yawan katakon da muke samu daga kudu ake lodo shi, da ɗanyantakarsa. In aka yanka aka haɗa nan take, zai yi lafiya lau a damina. Da hunturu ya shigo wajen Disamba, iska ta bushe, sai katakon ya tsuke: saman ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko ƙafa ɗaya ta daina taɓa ƙasa. Madaci ɗanye gara busasshiyar malaina da shi.

Maman_Ilham
Malam Kafinta na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara buɗi. To ni da ban san katako ba, ta yaya zan gane busasshe?

Kafinta_Panteka
Ki ce ya nuna miki katakon tun kafin ya yanka. Ɗanye yana da sanyi a tafin hannu da nauyin da ya wuce girmansa, in an ƙwanƙwasa ƙararsa a dushe take. Busasshe yana amsawa rau. Ki duba yadda ya ajiye shi: kafintan kirki yana jera katako a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Wasunmu suna da ƙaramar na'urar awon laima, in ta nuna kusan kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari to ya yi. Tunda teburanki ƙanana ne, ki tambaye shi ragowar katakon da ya yi watanni a shago. Sau da yawa shi ya fi kyau.

YarMalali
Ni fa ban yarda a yi wa kayan shago kuɗin goro ba. Nawa HDF ne, wato allo irin MDF amma ya fi shi tauri, shekara huɗu ke nan, ko ƙwarzane babu. Sirrin shi ne ƙafafunsa na ƙarfe ne, allon bai taɓa ƙasa ba, kuma an rufe bakinsa da tef sosai ba inda ruwa zai shiga. Sannan a faɗi gaskiya, kafintocinmu nawa ne za ka nuna wa hoto su fito da shi yadda yake? Na taɓa ba wani hoton tebur mai zagaye da siraran ƙafafu, ya ce sati biyu. Sai da ya yi wata biyu da kwanaki, ya kawo mini abu mai ƙafafu kamar na turmi, fentin yana kama hannu. Kuɗina ya tafi, raina ya ɓaci. A shago abin da ka gani shi za ka ɗauka.

Dan_Rigasa
Anti YarMalali, kin faɗa hannun wanda bai iya ba ne. Kafinta ɗaya ba shi ne duka kafintoci ba.

YarMalali
Haka shago ɗaya ba shi ne duka shaguna ba, ƙanena. Maganar ke nan.

Kafinta_Panteka
Hajiya YarMalali ta faɗi gaskiya, kuma abin yana mana ciwo mu da ke cikin sana'ar. Saɓa alkawari ya kore mana mutane fiye da kayan waje. Fentin da ke kama hannu kuwa gaggawa ce, ba a bar shafi na farko ya bushe an goge shi da sanfefa ba aka ɗora na biyu. Shawarata, kada ki biya kuɗi duka. Ki ba da na katako, ki je ki ga aikin tun yana fari kafin a yi feshi, domin fila da ake cike ramuka da ita da fenti suna rufe aibi da yawa. Kuma ki ce ya nuna miki aikin da ya yi shekara biyu a gidan wani, ba hoton waya ba.

Injiniya_Kawo
Kowa yana maganar katako, ba wanda ya tambayi tsayin kujerun. Maman Ilham, ki samu tef ki auna daga ƙasa zuwa saman hannun kujera. Teburin ya zo daidai da shi, ko ya gaza da inci ɗaya ko biyu. Yawancin kujeru hannunsu yana tsakanin inci 22 da 26, wato kusan santimita 55 zuwa 65, amma manyan kushin ɗin da ake yayi yanzu wasu sun wuce haka. In teburin ya yi ƙasa sosai, baƙo sai ya sunkuya yana laluben kofi. In ya yi sama, gwiwar hannu ce za ta ture shi. Ki auna filin da ke tsakanin kujeru ma, kada a kawo ya tare hanya. Saman da ya kai inci 16 zuwa 18 ya isa faranti da kofi da waya. Na gefen gado kuma tsayin katifa ake bi.

Tunda kina da mai koyon tsayuwa, abu biyu: saman ya zama mai zagaye ko a dakushe kusurwoyin, sannan ƙafafun su buɗe daidai faɗin saman. Masu ƙafa ɗaya a tsakiya da ƙaramin gindi suna da kyau a ido, amma yaro yana dafa gefe za su kifo masa.

BabanAmira
Wannan magana ta Injiniya a riƙe ta da kyau. Kuma ina roƙon duk mai ƙananan yara ya yi nesa da tebur mai saman gilashi in bai tabbatar da irinsa ba. 'Yata tana da shekara biyu ta faɗo kan namu da kofin silba a hannunta. Gilashin ya tsage gida uku, kowane kamar wuƙa. Ɗinki biyar aka yi mata a damtse, har yau in na ga tabon sai gabana ya faɗi. Daga baya wani mai aikin gilashi ya yi mini bayani cewa akwai wanda ake gasawa a masana'anta, in ya fashe sai ya ruguje ƙanana kamar tsakuwa, bai cika yanka mai zurfi ba. Yawanci yana da ɗan tambari a kusurwa. Shi ba a yanka shi bayan an gasa, don haka duk wanda ya ce zai yanko miki shi yanzu daidai awonki, ba shi ba ne.

Hajiya_Barnawa
Subhanallahi. Allah Ya ƙara tsarewa, Ya raya mana ita.

UmmuSadik
Amin. Ni tambayata a kan masu saman mabul ce, su nake gani a gidajen amare yanzu. Suna da inganci?

MaiKwalliya_Badarawa
Yar uwa UmmuSadik, yawancinsu ba mabul ba ne, takarda ce mai zanen mabul aka manna wa allo. Ki ɗora tafin hannu, dutse sanyi gare shi ko da rana tsaka, kuma ki leƙa ƙasansa. Na gaskiyar ma yana da nasa hali: lemun tsami yana cin fuskarsa ya bar wuri fari-fari, zoɓo kuma yana shiga jikinsa.

Wannan ya kawo ni kan shagon Maman Ilham, don sana'armu ɗaya. 'Yar uwa, teburin shago daban, na gida daban. Lalle ba ya jin kunyar komai. Mai jira za ta tashi da ɗanyen lalle a hannu ta dafa, wata ta ajiye ƙunshin da aka matse, ga lemun tsami da sukari, ga ruwan goge jan farce wanda yake narkar da fentin katako nan take. Na yi asarar tebur biyu kafin na gane. Yanzu nawa ƙafar ƙarfe ce baƙa da saman dutsen giranait mai duhu, ragowar wanda aka yi wa wata kantar kicin ne na saya da araha. Tsumma ɗaya ya goge komai. Nauyinsa ma alheri ne, ba mai ture shi.

MaiWalda_TudunWada
Madalla da Hajiya. In za a yi na ƙarfe, a kula da kaurin fayif ɗin. Akwai mai sirara kamar gwangwani, walda ma huda shi take yi. Ki ce a sa mai milimita 1.5 ko sama. A goge wurin waldar ya kwanta, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa kafin a yi feshin kala. Wanda aka fesa wa ruwan zinare kai tsaye a kan ƙarfe, damina ɗaya zai fara fitar da ɗigo-ɗigon tsatsa. A sa masa robobi a ƙafa don kada ya karce tayil. Akwai masu zare da ake murzawa, in daɓen bai daidaita ba sai a gyara.

Dattijo_UnguwarSarki
Ina karanta ku ina tuna da. A ɗakin mahaifina akwai wani ƙaramin tebur na madobiya, a kansa yake ajiye rediyo da tabarau da carbi. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, rami aka fafe aka zura harshen ɗaya katakon a ciki, aka buga turaku na itace. Yana gidana yanzu, jikokina suna hawansa, bai taɓa girgiza ba. Yau ina za ka ga madobiya? An sare ta an yi lodinta zuwa China har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji da itatuwa masu fuskantar ƙarewa, ta taƙaita cinikinsu tun farkon 2017. Kirya da muke turmi da ita ta tafi a gawayi. Muna da kwalejin gandun daji a nan Afaka, amma mu da kanmu ba ma dasa abin da jikokinmu za su sassaƙa. Abin yana damuna ƙwarai.

Kafinta_Panteka
Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Wannan haɗin da ka faɗa har yanzu muna yinsa, sai dai yana cin lokaci, mutane kuma ba sa son biyan lokacin. Maman Ilham, shi za ki nema. Ki kifa teburin ki duba inda ƙafa ta haɗu da firam. In ƙusa kawai kika gani an buga ta gefe, zai fara rawa kafin shekara. In kin ga ƙafar ta shige cikin katakon da gam, da 'yar kusurwar katako an ɗaure ta da sukuru daga ciki, to aiki ne. Sannan ki ajiye shi a daɓe mai kyau ki danna kowace kusurwa da hannu.

Ummi_Kinkinau
Ni kuma nawa ra'ayin daban. Dole ne sai mun kwaikwayi falon Turawa? Ina da tumtum biyu na fata da babban farantin tagulla na Bida a kan ƙafafun katako masu naɗewa. In baƙi sun zo a buɗe, in sun tafi a jingine. Duk wadda ta shigo sai ta tambaye ni inda na samo. Toka da lemun tsami nake goge shi, ya dawo kamar sabo.

YarMalali
Yana da kyau Ummi, amma mai koyon tsayuwa fa? Ƙafa mai naɗewa da faranti a ɗore, dafawa ɗaya ya isa.

Ummi_Kinkinau
Gaskiyarki, na manta da autan. Sai dai ta ajiye shawarar zuwa gaba.

AbuHafsat
Don Allah wani ya yi mana bayanin tsadar nan. Ƙaramin tebur yanzu kuɗinsa ya kai na saitin kujeru a da.

Injiniya_Kawo
Dala ce, ɗan uwa. A 2015 Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati, kayan ɗaki da allunan katako irin su filawud suna ciki. An janye hanin a Oktoban 2023, amma a lokacin an riga an saki naira tun watan Yuni, darajarta ta faɗi. Allon, da fatar, da tef, da hannun durowa, da ƙarfen da durowa ke gudu a kai, yawancinsu daga waje suke. Katakon gida kuma kuɗin mota daga kudu ya ɗaga shi bayan cire tallafin mai. Shi ya sa da yawa daga abin da ake cewa ɗan Turkiyya, allon ne kawai ya ƙetaro ruwa, a nan aka yanka aka haɗa. Ba aibi ba ne in an faɗi gaskiya aka kuma sa farashin gaskiya.

Hajiya_Barnawa
Abu ɗaya da mazan nan ba za su tuna ba: kaskon turaren wuta. Rabin teburan da na gani a gidajen mata suna da baƙin zagaye a tsakiya, kasko ne ya ƙona. Ko na lantarki ne zafinsa yana tayar da fenti. Ki samu ɗan guntun tayil ko faranti ki riƙa ɗorawa. Flas ɗin shayi da kofi mai raɓa su ma suna barin farin zobe. Kuma ki zaɓi fenti marar ƙyalli sosai. Ƙurar hunturu a kan baƙin tebur mai sheƙi, ki goge da safe, kafin azahar a rubuta suna a kai.

UmmuSadik
Wallahi nawa haka ya ƙone, ban taɓa kawo kasko a raina ba sai yanzu. Malam Kafinta, ana iya gyarawa?

Kafinta_Panteka
In katako ne, ƙwarai. A kankare saman da sanfefa har tabon ya fita, a sake shafi, aikin yini biyu ne. In allo ne mai fata, sai dai a canja saman gaba ɗaya.

YarMalali
To canja saman allo ma ai ba tsada ba ne, in ƙafafun na ƙarfe ne. Ni dai ina nan kan bakata.

Maman_Ilham
Jama'a na gode, Allah Ya bar zumunci. Na auna yanzu da tef ɗin ɗinki, hannun kujerun inci 25 ne, waɗanda na gani a shago kuwa da ƙyar za su kai 18, ashe da na saya da sun yi gajarta. Na falo zan ba kafinta, masu zagaye, madaci in na samu busasshe. Abban Ilham ya ce ranar Asabar zai raka ni Panteka mu ga katakon da idonmu. Na shagon lallena ne har yanzu ban yanke ba. Giranait ɗin MaiKwalliya ya kwanta mini, amma ina son mai durowa saboda cazar waya da 'yan kunnen da mata ke cirewa su manta. Ana iya haɗa durowar katako da firam ɗin ƙarfe?

MaiWalda_TudunWada
Ana yi, Hajiya. Mu haɗa firam, kafinta ya yi akwatin durowar ya zura. Amma kafintan ya fara ba da awonsa kafin a taɓa ƙarfe, in ba haka ba sai an yanke walda.

MaiKwalliya_Badarawa
Ki sa mata makulli. Shago ne, hannu da yawa.

AbuHafsat
Malam Kafinta, kafin a watse, ni gidana a Rigasa gara ta addabe mu, har ƙofar ɗaki ta ci. Iroko zai tsira, ko ni ma in koma ƙarfe?

Kafinta_Panteka
Jan cikin iroko gara ba ta cika kula shi ba, amma farin gefen da ke kusa da ɓawo tana ci, ka tabbatar ba a haɗa maka da shi ba. Ka fara neman inda take fitowa a gindin bango tukuna. Ka turo mini hoton ƙofar in gani.